Iskar mai faci, man keken ɗinki da motar rimot ta Auta

Ni tela ne. Sama da shekara 20 ke nan ina taka keke a wata 'yar rumfa a ƙauyenmu da ke tsakanin Gumel da Maigatari, kuma da wani ya ce mini wata rana zan zauna in yi dogon bayani a kan wankin motar wasa, da na tambaye shi ko lafiyarsa ƙalau. To ga shi kuwa na zauna. Mutum biyu ke nan suna zuwa rumfata, ba ɗinki ya kawo su ba, sai don su ji da me muke tsaftace motar autana har ta shekara tana gudu, alhali ta ɗan ɗayansu ko wata uku ba ta rufa ba. Abin da na gaya musu shi zan faɗa a nan, har da inda muka yi ɓarna.

Ƙanena da ke kasuwanci a Sabon Gari ta Kano shi ya jawo mini wannan aiki. Da Babbar Sallar bara ya shigo gida da kwali a hammata, ya dire a gaban Auta, ya ce ga tsarabarsa. Mota ce mai rimot, mai buɗaɗɗen baya kamar a-kori-kura, 'yar China, ta hannu ce ba sabuwa ba. Ba irin ta robar nan ba ce da ake saya wa yara ranar Sallah ta karye kafin a gama cin nama. Tsawonta ya kai kamu guda. A jikin kwalin an rubuta 1:12, wato an rage girman mota ta gaske sau goma sha biyu. Tayoyinta huɗu duk suna ja, kowace da shokazobarta, batirinta mai 7.4V ne, ƙwaya biyu aka haɗa, rimot ɗin kuma an rubuta masa 2.4GHz. Ranar da aka fara sakinta a filin makarantar firamare, har mai unguwa sai da ya tsaya kallo.

Ni kuwa ƙasa nake kallo. Jigawa ba a banza ta ci sunanta ba. Mu nan rairayi ne ko'ina, mai laushi kamar gari, wanda ko ƙoshiyar kekena da ke cikin rumfa a rufe sai na buɗe na share shi duk mako. In hunturu ya shigo ga buji, in kaka ta yi ga ƙaiƙayin gero da ƙarangiya, in damina ta sauka ga taɓo. Na ce a raina wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa. Ƙanena ya koma Kano ya bar ni da rariyar.

Ɓarnar farko Auta ne ya yi ta, kuma ban ga laifinsa ba. Yaro ɗan shekara tara ya saba ganin 'yan acaɓa suna wanke baburansu a bakin famfon tuƙa-tuƙa, da omo da soso, suna sheƙa ruwa. Shi ma ya ɗauki tasa ya kai, ya yi mata kumfa har ba a ganin launinta, ya ɗauraye, ya shanya a rana. Allah Ya so batirin na wajen caji. Ta fito fes, sai ƙyalli. Bayan kwana uku aka kunna, sitiyarin ya kama karkarwa kamar mai zazzaɓi, tayar gaba ta hagu kuma tana wani ƙiƙi-ƙiƙi. Da na kwance tayar na zaro boris ɗin, na murza shi tsakanin yatsu biyu, sai na ji yana ƙas-ƙas kamar ana tauna tsakuwa a cikin shinkafa. Omo ya wanke giris ɗin da ke ciki, ruwa ya zauna a gurbinsa, tsatsa ta kama. Kan kowane sukuru ya yi ja. Sitiyarin dai ya dawo hayyacinsa bayan na buɗe akwatinsa na bar shi kwana biyu yana shan iska a inuwa, amma boris biyu sun tafi ke nan. Da awo uku ake sayen boris: faɗin raminsa, faɗinsa na waje da kaurinsa, duk da milimita. Wanda aka fi samu a manyan motocin 1:10 shi ne 5 da 11 da 4. Tamu ƙarama ce, dole na ƙulle matattun a leda na ba direban motar Kano ya kai wa ƙanena a gwada a samo daidai su.

Ɓarna ta biyu tawa ce, kuma ta fi ta yaron muni, don ni da gemuna na yi ta. Na ga tsatsa, sai na ce maganin tsatsa mai. Na karɓo ɗan ragowar man inji wajen maƙwabcina mai injin markaɗe, na bi duk inda ke motsi na ɗiga, har da haƙoran giya. Giya biyu ce a wurin: ƙarama ta ƙarfe a bakin moton, da babba ta roba da take juyawa. Murfinsu ba ya rufuwa ruf. Ranar farko motar ta yi shiru, ta yi laushi, ina ta yabon kaina. Kafin mako ya zagayo sai muka ji moto na kuka, mota ba ta tafiya. Na buɗe. Man ya kama rairayi, sun cakuɗe sun zama wani baƙin ƙulli mai gurza, irin wanda makanikai ke gurza bawul da shi, ya cinye haƙoran giyar robar tas, sai dasashi. Garin gyaran gira na tsokane ido. Abin da ya fi ba ni haushi, na san wannan tun ina yaron shago. Maigidana da ya koya mini ɗinki ba ya barin ka ɗiga wa keke mai sai ka fara share gashin yadi da ƙurar da ke ƙarƙashin haƙori. Na san haka a keke, na manta a mota.

Mako biyar muka yi muna jiran giya, don sai da ƙanena ya yi odarta ta intanet. Mako biyar Auta na zuwa rumfa yana tambaya, “Baba, ta zo?” Uwarsa kuma duk dare sai ta ce, “Malam, ai da ka bar wa yaro kayansa.”

A cikin jiran nan ne na gane cewa mu nan dattinmu busasshe ne. Ƙura ce da rairayi, kuma busasshen datti a bushe ake fitar da shi. Da ka sa masa ruwa ya zama taɓo, da ka sa masa mai ya zama magurji. Iska ake so. Wannan ya kai ni wajen mai facin bakin titinmu, wanda a kan aikinsa mafi yawan maganata take.

Rumfarsa na bakin kwalta, inda motocin kasuwar Maigatari ke tsayawa ranar Alhamis. Dattijo ne, ya girme ni, yana da injin iska mai tanki wanda ɗan injin fetur ke ja da bel, da bahon ruwa baƙi ƙirin da yake tsoma tub ya ga inda ke yoyo. Ranar da na fara kai masa motar, ya juya ta, ya matsa tayar da babban yatsa, ya ji soso ne a ciki ba iska ba, ya miƙo mini.

“Malam Tela, wannan ai ba abokiyar cinikina ba ce. Motar da tsidau ba ya fasa wa taya, me zan ci a jikinta?”

Na ce, “Yaya, ba faci na kawo ba. Iska nake so ka hura mata.”

Ya yi dariya har yana dafa gwiwa, amma ya tashi. Na cire bodin, na zare batir, na riƙe shasin. Ya danna bakin tiyo. Wallahi ƙurar da ta tashi daga cikin 'yar motar nan sai da ta rufe mana fuska, ni da na ɗauka na riga na share ta da tsumma. Daga ƙarƙashin moto, daga cikin sifirin, daga lungunan da yatsa ba ya shiga, rairayi ya dinga fitowa da ƙaiƙayi da guntayen kara. Minti biyu bai cika ba roba ta koma baƙa wuluk kamar ranar da aka fito da ita daga kwali. Aikin da buroshi zai ci rabin awa bai yi rabinsa ba. Na zaro kuɗi, ya ce in mayar, wai iska ta Allah ce. Na ce iska ta Allah ce amma fetur na gidan mai ne. Daga baya muka daidaita a kan naira 200 duk zuwa, in kuma ya kawo ɗinkin wando da ya yage a gwiwa ba na karɓar komai.

Wannan shi ne yabon, kuma ya cancanta. Amma duk wanda zai kai tasa wajen mai faci, kowane mai faci, akwai abin da ya kamata ya sani, don sai da muka yi 'yar gardama kafin aikin ya daidaita.

Iskarsa ta yi wa motar ƙarfi. Tayar ƙaramar mota ana ba ta 30 zuwa 35 a geji, abin da ke cikin tankin kuwa ya ninka haka. Hannunsa ya saba da tayar Sharon da ta babbar mota, in ya kama tiyo sai ya manna shi a jikin abu. In aka manna wa boris irin wannan iska, ba fitar da ƙura take yi ba, cusa ta take yi ta bayan murfin, ta kuma kore ɗan man da ke ciki. Haka a jikin fanel, ɗan allon lantarkin da ke sarrafa motar, inda wayoyi suke sirara kamar zaren lilo. Sai da na roƙe shi ya ja baya kamar taƙi ɗaya, ya riƙa hurawa a karkace, kaɗan-kaɗan, ba ɗauke-numfashi ɗaya ba. Da farko ya ji haushi, ya ce shekara nawa yana riƙe da tiyo. Na ce na sani, Yaya, ni ma shekara nawa ina riƙe da kwalbar mai na kashe giya. Ya yi dariya, ya ja baya.

Sai wasan da yake so, wanda yaran da ke taruwa suke ƙara zuga shi a kai: ya saita iska a jikin taya ta kama juyawa tana kuwwa kamar jirgi. Daɗin ji gare shi, amma boris ɗin na gudun da ya fi ƙarfinsa, kuma da yake duk tayoyin a haɗe suke da moto, moton ma juyawa yake, yana haifar da wuta yana turawa baya cikin fanel. Yanzu Auta ne ke damƙe tayoyin da hannu biyu in ana hurawa, wasan ya mutu.

Abu na uku shi ne ruwa. Wata safiya da damina ya danna tiyo, sai ga feshin ruwa mai tsatsa-tsatsa ya fito tare da iskar, ya sauka daidai kan fanel. Iska in an matse ta a tanki tana zubar da danshin da ke cikinta, ruwan ya kwanta a ƙasa. Akwai ɗan famfo a gindin tankin na zubar da shi, sai dai ba kullum ake tunawa da shi ba, tunda taya ba ta ƙorafi. Tun daga ranar sai ya fara hura wa tafin hannunsa tukuna. In ya ji danshi, ya tsuguna ya buɗe gindin tanki ya tsiyaye. Wannan da kansa ya ɗauko al'adar, ban sake tuna masa ba, kuma shi ya sa nake ganin girmansa.

Akwai kuma lokaci. Ba zai tayar da inji don motar wasa ba, kuma ba zan ce ya tayar ba, da tsadar fetur ɗin nan. Sai dai ka daidaici lokacin da tanki ke cike. Ranar Alhamis da yamma ya fi, bayan motocin kasuwa sun wuce. Ranar da babu ciniki, in ka je sai ka tarar da tanki fayau, shi kuma yana gyangyaɗi a kan benci. Ka tsaya ta inda iska ke busowa, ka rufe hanci, ka kawar da yara daga gaba, don ƙwayar rairayi in ta taso da wannan ƙarfi ido take nema.

Na gwada abin da zai maye gurbinsa a gida. Famfon keke yana ɗan taɓukawa, amma sai mutum biyu, ɗaya na bugawa ɗaya na saitawa, kuma kafin ka gama ka jiƙe da gumi. Ƙanena ya aiko da ɗan famfon robar nan mai kama da ƙwan jimina ƙarami, wanda masu gyaran waya na kasuwar Farm Centre ta Kano ke hura wa waya da shi. Wannan ya yi daidai da fanel da bakin moto, inda ba a son ƙarfi. Ga sauran jikin mota kuwa, kamar ka ce za ka share masussuka da mafici ne. Hurawa da baki kada ma a fara: yawu ne ke shiga, ƙura ke dawowa ido.

Sauran kayan aikin duk a cikin tsohon gwangwanin madara suke zaune, kuma guda biyu kawai na saya da kuɗina. Na farko buroshin fenti mai inci ɗaya, naira 500 na saye shi a kasuwar Maigatari. A nemi mai gashi mai ɗan tauri, a ja gashin a gani ko yana tsigewa tun a gaban mai kaya, don na farkon da na ɗauka ya bar mini gashi a hannu. Shi ne na kullum. Da Auta ya gama wasa, kafin motar ta shiga ɗaki, sai a cire bodi a kife ta a kakkaɓe, a bi ta da buroshi daga sama zuwa ƙasa. Wajen mai faci sau ɗaya ne a mako, buroshi kuwa duk ranar da taya ta taɓa ƙasa. Tsohon buroshin goge baki na shiga tsagin taya da haƙoran giya. Tsumma kuwa, gidan tela ba a rasa ƙyalle, sai dai na lura guntun shadda ba ya shan komai, tsohuwar singileti ta fi.

Abin da babu wanda ya gaya mini, kuma na fi kowa dacewa da shi, shi ne abin farke ɗinki. Zare yana naɗewa a bayan taya, tsakanin wili da boris, inda ido ba ya gani. A wurinmu zaren buhu ne ya fi yawa, irin farin nan da ke warwarewa daga buhunan taki da na hatsi ya bazu a gari, sai gashin kitso, sai zaren rumfata. Yana naɗewa yana tsukewa har taya ta yi nauyi, moto ya ɗau zafi, batir ya ƙare da wuri, kai kana zargin caja. Iska ba ta fitar da shi, buroshi ba ya taɓa shi. Sai ka kwance taya ka zura ɗan ƙugiyar nan ka yanke ka jawo. Ranar farko abin da na ciro daga taya huɗu ya kai ƙwallon goriba in an dunƙule.

Wajen kwance tayar a yi hattara. Bayan noti da wili akwai wani ɗan ƙarfe siriri da ke ratsa aksil, bai kai rabin tsinken ashana ba, shi ke riƙe taya ta juya. Ba a ɗaure yake ba, zamewa yake. Namu ya faɗi cikin rairayin tsakar gida ana gab da magariba. Ni da Auta da yayyensa mata biyu muka duƙa muna tankaɗe ƙasa da rariya kamar masu neman zinariya, uwarsu na tsaye tana cewa rariyar tuwonta ce fa. Maganaɗisun da nake tsince allura da shi, na tsohuwar sifikar rediyo, shi ya cece mu. Yanzu a cikin faranti muke kwance komai, maganaɗisun na tsakiya.

Shi ma moton maganaɗisu ne a cikinsa, shi ya sa za ka ga wani baƙin gari ya tsaya cirko-cirko a bakin ramukansa kamar gashin baki. Ƙarfen da ke cikin rairayi ne yake jawowa. Iska ba ta cika cire shi ba, sai buroshin goge baki, ko a manna salatif a ɗago.

Na biyun da na saya shi ne ƙaramar kwalbar sifirit a kemis. Da shi nake wanke boris in ya fara ƙas-ƙas: a jefa a murfin kwalba, a zuba, a jujjuya har baƙin ya fita, a ɗora a kan ƙyalle. Nan da nan yake bushewa, ba ya barin komai. Kananzir ma yana yi, ya fi araha, sai dai yana daɗewa bai bushe ba kuma warinsa na bin hannu har cikin yadin mutane. Fetur kuwa kada ya kusanci motar. Bodin irin robar nan ce mai haske da ake yi wa fenti ta ciki, fetur na dusashe ta ya sa ta tsattsage. Bodi da tayoyi su kaɗai ne ke ganin ruwa a gidanmu, su ma bayan an raba su da motar: ruwa da ɗan sabulu kaɗan, tsumma mai laushi. A jikin kowane wili akwai 'yar huda ta shan iska. In ruwa ya bi ta nan, soson ciki ya sha, taya ta yi nauyi gefe guda, mota ta riƙa rawa, kuma sai ta yi kwanaki ba ta bushe ba. Saboda haka ba ma tsoma su, gogewa muke yi.

Sai mai. Man keken ɗinki, wanda ke gabana kullum, shi ne ya fi duk abin da na gwada. Siriri ne, fari, ba ya danƙo. Ɗigo ɗaya a kowane boris bayan an wanke shi, ɗigo ɗaya a kowane ƙarshen moto inda sandar ke fitowa, ba cikin ramukan ba. Da bakin allura nake ɗauka in ɗiga, sannan in goge duk abin da ya malalo waje, don abin da ya rage a waje na rairayi ne. Giyar roba da ta ƙarfe a bushe suke aiki, ko ɗigo. Da sabuwar giyar ta iso, ƙanena ya faɗa mini dabarar da masu wannan harka ke yi: a yanko siririyar takardar littafi a sa tsakanin haƙoran biyu, a matse moto a ɗaure sukuru, a zare takardar. Ɗan sararin da ta bari shi ne daidai. Sandunan shokazoba kuma gogewa kawai suke so, don ƙurar da ta manne musu ita ke yanka robar bakin, man ciki ya tsiyaye. Man cikinsu daban ne, na silikon, man keke ba ya zama a madadinsa.

Da ƙanena ya ji labarin tsatsa, ya zo mana da gwangwanin WD-40, shuɗi da rawaya, da 'yar jar tsinkiyarsa. Kayan Amurka ne, a San Diego aka ƙirƙiro shi a 1953, kuma sunan nasa ma daga aikin korar ruwa aka samo shi, 40 ɗin kuma wai a gwaji na arba'in aka dace. Aikin nan kuwa yana yin sa. Da damina, in motar ta faɗa taɓo, nakan bar taɓon ya bushe ya zama ɓawo, in ɓamɓare da tsinke, in share, in goge da ɗanyen tsumma, sannan in fesa shi a ƙyalle in bi kan sukurori da sandunan ƙarfe. Tun da na fara haka ban sake ganin ja a kansu ba. Sukurun da ya cije ma yana kwance shi. Amma a boris na fi son man keke, don shi wannan siriri ne ƙwarai, ba ya daɗewa a wurin. Da na matsa wa ƙanena ya faɗi kuɗinsa, na ce, “Kai, da ka kawo mini kuɗin na sayi zare.” Ya ce, “Yaya, kai komai sai ka auna shi da zare.” A ganina, wanda ke fadama ko gefen Hadeja inda ruwa ke kwanciya, ya saya, zai more. Mu na kan tudu, wata takwas na shekara ba mu da abin da za mu kora da shi. Namu har yanzu da nauyinsa.

Batir ba wanke shi ake yi ba, amma shi ake fara cirewa kafin a taɓa komai, shi ake mayarwa a ƙarshe. A goge bakin wayarsa da ɗan sifirit. Kada a kai shi caji da zafinsa, a bari ya huce. Da bazara, lokacin da zafin nan namu ke haura 40, ba ma barinsa a ɗakin kwano, a cikin tsohuwar tukunyar ƙasa yake kwana a zaure. In za a daɗe ba a yi wasa ba, kamar lokacin jarrabawa da nake kulle motar a akwatin keke, rabin caji ake barinsa da shi, ba cike ba, ba fayau ba. Wanda ya kumbura kuwa ya gama aiki, a raba shi da gida.

Alhamis ɗin da ta wuce muka je kamar kullum, ni da Auta. Mai faci ya hura wa tafinsa, ya ja baya taƙi ɗaya, yaro ya damƙe tayoyi, aka gama tsaf. Na mayar da batir don mu ji ko komai lafiya. Sai dattijon nan ya goge hannu a rigarsa, ya ɗan yi jim, ya ce, “Ɗana, shekara guda ina yi mata hidima, ko sau ɗaya ban taɓa tuƙa ta ba.”

Auta ya dube ni, na ɗaga masa kai. Ya miƙa rimot da hannu biyu, yana nuna masa, “Baba, wannan ne totur, a hankali ake ja.”

Ya ja shi har ƙarshe. Motar ta zabura, ta zagaye tarin tsofaffin tayoyi, ta bi ta ƙarƙashin benci, ta faɗa tsulum cikin kwatamin da yake zubar da ruwan baho, baƙi mai maiƙo, har saman taya. Yara suka fashe da ihu. Auta ya tsamo ta tana ɗiga, ni na zare batir, shi kuwa mai faci yana ta salati, ya ruga ya ja igiyar injinsa, ya tayar da shi musamman, abin da bai taɓa yi mana ba. Ya hura, ya hura, ya ƙi karɓar ɗari biyun. Daren nan da fitilar waya muka zare boris goma sha biyu ɗaya bayan ɗaya a cikin faranti, Auta na riƙe da murfin sifirit, ni da allura da kwalbar man keke, ga kaftanin wani bawan Allah da na yi wa alkawarin Juma'a rataye ko wuya ban sa masa ba.